Cutar Da Aka Ce Ba Ta Kama Baƙar Fata

Yau tafiyar tamu da nisa, har Amurka, kuma maganar asibiti ce, don haka sai a yi haƙuri da wasu sunaye masu karya harshe.

A ranar 1 ga Satumba 2017 Serena Williams, gwanar wasan tanis da ta ci manyan kofuna 23, ta haifi 'yarta ta fari a jihar Fulorida. Da tiyatar gaggawa aka ciro jaririyar. Washegari tana kwance sai ta ji numfashi yana neman gagarar ta. Abin ba baƙo ba ne a wurinta, domin a 2011 gudan jini ya taɓa toshe mata huhu har ta kusa rasa ranta, kuma maganin tsinka jinin da take amfani da shi kullum an dakatar da shi saboda tiyatar. Ta lallaɓa ta fita daga ɗakin don kada hankalin mahaifiyarta ya tashi, ta samu nas, ta ce a ɗauki hoton huhunta da na'urar siti, a kuma ɗaura mata hefarin. Nas ɗin ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta. Da likita ya zo sai ya duba ƙafafunta da wata na'urar, bai ga komai ba. Sai da ta nace aka ɗauki hoton da ta nema, aka ga ƙananan gudajin jini da dama zaune a huhunta. Tarin da ta riƙa yi ya fasa ɗinkin tiyatar, aka sake shiga da ita, aka tarar jini ya taru a cikinta, ta yi mako shida ba ta iya tashi daga gado ba. Ita da kanta ta ba mujallar Vogue labarin a farkon 2018.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma in mace mai wannan suna da wannan dukiya sai da ta yi naci kafin a saurare ta, ina ga matar da ke goge-goge a otal? Wannan tambayar ce ta sa muka bi sawun cutar baya, mu ga inda bambancin ya samo asali.

Ita dai cutar yawanci a ƙafa take farawa. Jini ya daskare a cikin jijiya mai zurfi ta sharaɓa ko cinya, ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ciwo. Haɗarin yana zuwa ne idan gudan ya ɓalle. Jini zai ɗauke shi ya bi da shi ta ɓangaren dama na zuciya, ya kai shi jijiyoyin huhu, inda hanya ke ƙara tsukewa har ya maƙale. Daga nan sai haki, ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, wani lokaci kuma mutum ya yanke jiki ya faɗi, shi ke nan. Doguwar kwanciya, tiyata, ciki da jego, ciwon daji, doguwar tafiya a zaune, duk suna jawo ta. A 2008 ofishin babban likitan gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa tana kama mutum 350,000 zuwa 600,000 a ƙasar kowace shekara, tana kashe aƙalla 100,000.

Wanda ya fara gane wannan tafiya ta gudan jini daga ƙafa zuwa huhu wani Bajamushe ne, Rudolf Virchow, a asibitin Charité na Balin, tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Kafin shi ana zaton kumburin jijiya ne ke haifar da gudan a nan inda aka same shi. Shi kuwa ya fede gawarwaki, ya yi gwaji da karnuka, ya nuna cewa abin da ke toshe huhu daga nesa ya taho. Ya tattara aikin a 1856. Har yau ɗaliban likita suna haddace dalilai uku da ake jingina wa sunansa: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, wannan mutumin ne ya jagoranci duba launin fata da gashi da ido na 'yan makaranta fiye da miliyan shida a Jamus, aka buga sakamakon a 1886, ya nuna babu wani tsarkakakken jinsin Jamusawa, gauraye suke. Wato uban ilimin gudan jini bai yarda da tatsuniyar fifikon jinsi ba. Waɗanda suka gaje shi ne ba duka suka bi shi a nan ba.

Magani ya zo a ƙarni na ashirin. Hefarin ya samo asali ne daga aikin wani ɗalibin likita, Jay McLean, a jami'ar Johns Hopkins a 1916, daga hantar kare, sai a tsakiyar shekarun 1930 aka tace shi a Toronto har ya yiwu a yi wa mutane allurarsa. Labarin wafarin kuwa makiyayi zai fi jin daɗinsa. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini da ba ya tsayawa, aka gano harawa ce da ta yi fumfuna suke ci. A watan Fabrairu 1933 wani manomi, Ed Carlson, ya keto dusar ƙanƙara zuwa jami'ar Wiskonsin da mushen saniya da gwangwanin madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, ya ajiye a gaban masani Karl Paul Link. Daga wannan jinin aka kai ga sinadarin da aka fitar a 1948 a matsayin maganin ɓera. A 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 kuma aka ba shugaba Eisenhower bayan ciwon zuciya ya kwantar da shi. Gwajin da ya rufe bakin kowa an yi shi ne a Biristol ta Ingila a 1960: cikin mutum 19 masu gudan jini a huhu da ba a ba su maganin tsinka jini ba, 5 suka mutu da cutar, cikin 16 da aka ba kuwa ba wanda ta kashe. Tun daga lokacin aka san cewa cuta ce da ke jin magani in an gane ta da wuri.

Sai dai a tambaya, wa ke kwance a gadajen da ake wannan ci gaba? A shekarar da ake ba Eisenhower wafarin, asibitocin kudancin Amurka a ware suke. Wasu ba sa karɓar baƙar fata sam, wasu suna ajiye su a ɗakunan ƙasa ko wani gefe daban. Dokar gina asibitoci ta 1946 ta halatta wannan wariya da kuɗin gwamnati, sai a 1963 kotu ta soke wannan sashe, kuma sai da shirin inshorar tsofaffi na Medicare ya fara a 1966, aka ce asibitin da ya ware ba zai ga sisin gwamnati ba, sannan dubban asibitoci suka buɗe ƙofa cikin 'yan watanni. Tun kafin nan, rahoton Flexner na 1910 ya yi sanadin rufe biyar daga cikin makarantun likita bakwai na baƙar fata, aka bar Howard da Meharry. Jinin kansa ma bai tsira ba: a lokacin yaƙin duniya na biyu ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta fara da ƙin karɓar jinin baƙar fata, daga 1942 ta karɓa amma tana ajiye shi daban, alhali Charles Drew, likitan da ya tsara yadda ake adana ruwan jini da yawa a lokacin, baƙar fata ne. Saboda haka yawancin abin da aka rubuta game da yadda cutar take kama mutum, da yadda take bayyana, da adadin maganin da ya dace, a jikin Bature aka gani aka rubuta.

A wannan gefen tekun kuma wani ra'ayi ne ya kafu, cewa cutar ba ta cika kama 'yan Afirka ba. Fitaccen mai wannan magana shi ne Denis Burkitt, likitan tiyata da ya yi shekaru a Yuganda, wanda aka sa wa wani ciwon daji na yara sunansa. A 1972 ya buga maƙala a mujallar likitocin Birtaniya yana cewa daskarewar jini a ƙafa da basir da kumburin jijiyoyi cututtukan Turawa ne, ba a cika ganin su a karkarar Afirka ba, ya danganta haka da abincinmu mai dusa da harza. Ba mu ce mutumin ƙarya ya yi ba. Jama'ar da ya gani matasa ne galibi, masu tafiya a ƙafa da aikin gona, ba masu ƙiba ba, kuma hakan yana rage haɗari. Amma da yawa daga hujjarsa ta fito ne daga abin da likitocin asibitocin karkara suka ce sun gani, kuma gudan jini a huhu abu ne da sau da yawa ba a ganinsa sai da na'ura ko bayan an fede gawa. Asibitin da ba shi da na'ura, a garin da ake binne mamaci kafin la'asar, ta yaya zai ƙirga? Mu ma nan mun san yadda ake cewa wance ta haihu lafiya, kwana huɗu ta tashi za ta kewaya ta faɗi. Ba wanda ya rubuta sunan abin da ya kashe ta. Illar wannan ra'ayi ita ce likitan da aka koya wa cewa cuta ba ta kama irin waɗannan mutane ba zai neme ta a jikinsu ba, in bai nema ba kuma ba zai samu ba, sai rashin samun ya koma hujja.

Da aka zauna aka ƙirga a Amurka, inda ake da takardun mutuwa da na'urori, sai lissafin ya juye. Baƙaƙen Amurka sun fi fararen kamuwa da cutar, 'yan asalin Asiya kuma su ne mafi ƙaranci. A mace-macen gudan jini a huhu tazarar ta fi faɗi, ta kuma daɗe shekaru da dama, har wasu binciken na baya-bayan nan suna samun kusan ninki biyu. Suna kuma kamuwa da ita da ƙarancin shekaru.

Nan gardama ta tashi: jinin ne ko asibitin? Gaskiya idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, akwai ɓangaren da ke cikin jini. A 1994 masana a garin Leiden na Holan suka gano wani canji a ƙwayar gado da ke sa jini saurin daskarewa, aka sa masa sunan garin. Kusan kashi 5 cikin ɗari na Turawa suna ɗauke da shi. A 1996 aka gano na biyu, shi ma a can. Waɗannan biyun suka zama ginshiƙin gwajin da ake yi wa mutum a ga ko ya gaji cutar. Matsalar ita ce duka biyun na Turawa ne: a baƙaƙen Amurka na farkon bai wuce kusan kashi 1 ba, a Afirka kudu da Sahara kuwa da wuya a same shi. Sai baƙar fata ya yi gwaji, takarda ta fito tas, a ce ba shi da gadon cutar, alhali nasa haɗarin ta wata ƙofa yake shigowa wadda gwajin bai leƙa ba. A wurinsu an fi samun yawan wani sinadarin daskarar da jini da ake kira fakto na takwas. Akwai kuma sikila. Masu SS an daɗe da sanin jininsu yana yawan daskarewa, amma binciken da aka yi a Amurka ya nuna ko masu AS, waɗanda muke ɗauka lafiyarsu ƙalau, haɗarin gudan jini a huhu ya kai kusan ninki biyu a wurinsu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Mun saba kawo maganar jinotayif lokacin neman aure kawai, ba ma tuna ta lokacin tiyata ko jego.

Wafarin ma ya nuna irin wannan son kai na ma'auni. Magani ne mai wuyar sha'ani, ya yi kaɗan jini ya daskare, ya yi yawa jini ya ɓalle, kuma adadin da ya dace ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Masana suka gano ƙwayoyin gado da ke sarrafa shi, suka haɗa lissafin da zai faɗi adadin kowa daga gwajin jininsa. A 2013 aka buga sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu. Na Turai, wanda kusan duk mutanen cikinsa farare ne, ya nuna lissafin yana taimako. Na Amurka, mai mutum 1,015, fiye da kashi ɗaya cikin huɗunsu baƙaƙe, ya nuna abin mamaki: baƙaƙen da aka yi wa lissafin zamani sun fi waɗanda aka bi da su ta tsohuwar hanya fita daga ma'aunin da ake so. Kashi 35 na lokacin kawai jininsu ya zauna daidai, na tsohuwar hanya kuwa kashi 43 da ɗoriya. Dalili shi ne lissafin ya duba nau'o'in ƙwayar gadon da suka yawaita a Turawa, ya bar waɗanda suka yawaita a 'yan asalin Afirka. Ba wanda ya zauna ya ƙulla wannan da mugun nufi. An dai auna rigar a jikin wani, aka ce kowa ya sa.

Amma jini da ƙwayar gado ba su isa su bayyana tazarar ba, ko an haɗa da ƙiba da hawan jini da ciwon ƙoda, waɗanda su ma talauci da unguwa ke da hannu a cikinsu. Sauran yana tsakanin ƙofar asibiti da gadon mara lafiya. Littattafan koyarwa sun daɗe suna cewa a duba ƙafar da ta yi ja. A fatarmu ja ba ya fitowa haka, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi, kuma a 2020 wani ɗalibin likita a Landan, Malone Mukwende, ya fitar da ɗan littafin hotunan alamomin cuta a baƙar fata, saboda ya rasa su a darussansa. A 2016 masu bincike a jami'ar Bajiniya suka tambayi ɗaliban likita da sababbin likitoci farare 222 game da wasu maganganun ƙarya, irin su fatar baƙi ta fi kauri, jininsa kuma ya fi saurin daskarewa a jikin kowane ɗayansu bisa halitta. Kusan rabinsu sun gaskata aƙalla ɗaya, kuma waɗanda suka gaskata sun fi raina zafin ciwon baƙar fata. A lura da yadda tatsuniya ke sauya riga: jiya an ce cutar ba ta kama su, yau an ce halittarsu ce, duka biyun kuma suna sauke wa mai duba mara lafiya nauyin tsayawa ya saurara. Tun 2002 wani babban rahoto da majalisar dokokin Amurka ta sa aka yi ya tabbatar cewa ko inshora da kuɗin shiga sun zo ɗaya, kulawar da baƙaƙe ke samu ta gaza ta farare.

A kan gudan jini an ga haka a fili. Daga baya aka fara amincewa da sababbin ƙwayoyin tsinka jini, irin su ribaroksaban da afiksaban, waɗanda ba sa buƙatar zirga-zirgar gwajin jini kamar wafarin. Bincike ya nuna baƙaƙe sun fi zama a kan tsohon maganin, ko a cikin masu inshora. Haka ma aikin zura siririn bututu ta jijiya a narkar da gudan ko a zuƙe shi, ba a cika yi musu kamar yadda ake yi wa farare ba. A ɓangaren haihuwa, inda gudan jini a huhu ke da alhakin kusan mutuwa ɗaya cikin goma, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mace baƙar fata ta ninka farar mace kusan sau uku wajen mutuwa sanadin ciki ko haihuwa. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ilimi bai rufe ramin ba: baƙar mace mai digiri ta fi farar macen da ba ta gama sakandare ba shiga wannan haɗari.

Don adalci, labarin Serena shi kaɗai ba hujja ba ne. Nas na iya yin irin wannan kuskuren da farar mace, kuma ita Serenar ta yaba wa likitocin da suka ceci ranta. Abin da labarinta ya yi shi ne ya ba alƙaluman fuska, mata da yawa suka fito suka ce haka aka yi musu, sai dai su ba mujallar da ta neme su.

Sai na'urar nan ƙarama da ake maƙala wa yatsa, wadda muka saba gani tun lokacin korona. Wani injiniyan Jafan, Takuo Aoyagi, ya ƙirƙiro dabararta a farkon shekarun 1970. Haske take harbawa ta cikin yatsa ta lissafa yawan iskar oksijin a jini, kuma tana cikin abubuwan farko da ake dubawa idan mutum ya zo da haki, har tana shiga lissafin ko a ɗauki hoton huhu ko a sallame shi. Launin fata yana shanye wani ɓangare na hasken. Tun 1990 wasu likitoci biyu a Amurka suka buga cewa tana yin ƙarin lamba a baƙar fata, aka yi shekara talatin ba abin da ya canja. A Disamba 2020 masu bincike a jami'ar Mishigan suka kwatanta lambar na'urar da gwajin jini na ainihi. A lokutan da ta nuna 92 zuwa 96, wato ba laifi, iskar jinin ta faɗi ƙasa da 88 a kashi 11.7 na gwajin baƙaƙe, a farare kuwa kashi 3.6. Ƙa'idar hukumar magunguna ta Amurka ta 2013 ta yarda kamfani ya gwada na'urarsa a kan mutum goma kacal, muddin biyu daga cikinsu masu duhun fata ne. Sai a Janairu 2025 hukumar ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman mutum 150 ko fiye, masu launi daban-daban.

Irin waɗannan na'urorin, da ma waɗanda ba su bi ta kowace ƙa'ida ba, su ne a aljihun nas-nas da kan teburin kemis daga Kano har Maraɗi, inda kusan duk yatsan da za a maƙala wa baƙi ne. Mai jegon da ta ce numfashinta ba daidai yake ba, na'ura ta nuna 95, ƙafarta ɗaya kuma ta fi ɗaya kumburi, maganarta da ƙafarta sun fi lambar nan abin kamawa.